Tushen kiɗan Indiya da silima ba ta nuna mana ba

Bahaushe ya haura shekara 60 yana jin waƙar Indiya. Tun da Kwarori masu gidajen silima suka fara shigo da finafinan Bombay wajen ƙarshen shekarun 1950, muryar Lata Mangeshkar da ta Mohammed Rafi suka zama 'yan gida a Kano da Jos da Kaduna. Akwai dattijan da suka ci ƙuruciyarsu a layin tikitin Plaza da Orion da Eldorado, waɗanda har gobe za su rera maka waƙa daga farko har ƙarshe alhali ba su san ma'anar kalma goma a cikinta ba. Masu bandiri sun ari karin waƙoƙin sun ɗora begen Annabi (SAW) a kai. 'Yan fim ɗin Hausa kuwa ba sai an faɗa ba.

Sai dai waƙar fim 'yar auta ce a gidansu. Tana da iyaye da kakanni da yawancinmu ba mu taɓa zama mun saurara ba, kuma wanda bai san su ba da wuya ya gane abin da ke sa waƙar minti biyar ta kama zuciya haka. Na daɗe ina bibiyar wannan tsohon kiɗa, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne gogenmu da kalangunmu da algaitarmu sun fi kusa da shi, nesa ba kusa ba, a kan fiyanon da muke kwaikwayonsa da shi a situdiyo. Ba za a ga haka ba sai an shiga cikin kiɗan kansa.

Idan ka zauna a wajen kiɗan manya a Delhi ko Banaras ko Chennai, abin da kunnenka zai fara ji wani amo ne mai tsawo da ba ya yankewa, kamar kukan ƙudan zuma a bakin amya. Daga tanfura yake fitowa. Babban duma ne aka yanke aka rufe da katako, aka sa masa dogon wuya da tsirkiya huɗu. Mai kaɗa ta yana zaune a bayan mawaƙi, ba ya danna tsirkiya, ba ya fitar da wani kari, shafa su kawai yake yi ɗaya bayan ɗaya har a tashi. A kan ɗan abin da tsirkiyoyin ke hawa, wanda masu goge ke kira jaki, ana cusa siririn zare ƙarƙashin kowace tsirkiya, a yi ta matsa shi gaba da baya har sai amon ya buɗe ya yi ƙugi. Garin Miraj na jihar Maharashtra shi ya yi suna wajen ƙera ta, kuma akasari zuri'ar Musulmi ne ke gadon sana'ar a can.

Aikin tanfura shi ne ta riƙe Sa. Matakan murya bakwai ne a wurinsu: Sa, Re, Ga, Ma, Pa, Dha, Ni. Sa shi ne gida. Ba a kafa masa wuri guda da kowa zai bi ba, kowane mawaƙi yana laluben inda muryarsa ta fi sakewa ya ce nan ne Sa ɗinsa, sai duk kayan kiɗa su bi shi. Sa da Pa ba sa motsi. Re da Ga da Dha da Ni ana iya sauko da su kaɗan su yi laushi, abin da suke kira komal, shi kuma Ma ana iya ɗaga shi. Idan ka haɗa sun zama 12, kodayake tsoffin littattafansu sun rarraba tsakanin Sa na ƙasa da Sa na sama gida 22, suna kiran kowane gida shruti. Da yake Sa yana ta ƙugi a kunnenka ba fashi, kowane mataki da mawaƙi ya taka za ka ji nisansa daga gida. Pa yana zaune lafiya kamar baƙon da ya saba. Komal Re kuwa, da yake dab yake da Sa, sai ka ji ya ƙagara ya koma.

Turawa sun gina kiɗansu a kan tayar da sautuka daban-daban lokaci guda su dace da juna. Indiyawa sun bi wata hanya, layin murya ɗaya tal, amma a yi masa ado iya ado. Kunnen da ya girma da Shata da Ɗanƙwairo, inda uban waƙa ke jan layi guda 'yan amshi su karɓa, bai sha wahalar shiga wannan ɗaki ba.

Daga waɗannan matakai ake gina raga. Kalmar ba ta haɗa komai da ragar kamun kifi ba, daga Sanskirit take, tsohon harshen Indiya, kuma tushenta rini ne, wato abin da ke rina zuciya. Raga ta wuce jerin matakai, ba ta kuma kai waƙar da aka tsara aka gama ba. Tana da hanyar hawa da hanyar sauka, wani lokaci ba iri ɗaya ba. Tana da inda ake tsayawa a huta da inda ake taɓawa kawai a wuce. Malamansu na dā sun yi bayaninta da harshen fada, wanda Bahaushe zai gane nan take: a kowace raga akwai matakin da yake sarki, akwai wazirinsa, akwai bayin sarki, akwai kuma abokin gaba wanda shigarsa ɓarna ce sai a hannun gwani. Ɗauki Bhupali da Deshkar. Matakansu biyar ne iri ɗaya sak: Sa, Re, Ga, Pa, Dha. Amma a Bhupali Ga ne sarki, tana zama a ƙasa cikin natsuwa, kuma da daddare ake yin ta. A Deshkar Dha ne sarki, tana son sama, tana da kuzari, ta safe ce. Gero ɗaya ne, hannu ne ya raba fura da kunu. Ɗalibin da ya daɗe a kan Ga yana cikin Deshkar ya fita daga gonarsa ya shiga ta maƙwabta, kuma tsofaffin da ke zaune a sahun gaba za su girgiza kai.

Abin da ya fi muhimmanci, kuma shi ne ya fi saurin ɓata wajen kwaikwayo, yana tsakanin matakan ne. Mawaƙin Indiya ba ya tsalle daga Ga zuwa Pa kamar mai hawa tsani. Zamewa yake yi, yana jan murya ta ratsa duk abin da ke tsakani, wannan shi ne mind. Akwai kuma gamak, girgiza murya mai ƙarfi daga ƙirji, da andolan, lilo a hankali a kan mataki guda. A ragar Darbari, komal Ga ba a tsayar da shi cak, ana lilo da shi ne a ɗan ƙasa da inda ya saba zama, kuma wannan lilon shi ne Darbari. Ka cire shi, wata raga ce daban. Kusan duk kayan kiɗansu na manya an ƙera su ne don su iya wannan zamewa. Sitar, wadda sunanta ya fito daga Farisanci da ma'anar tsirkiya uku amma yau take ɗauke da 18 zuwa 21, tana da ƙarafan dannawa masu lanƙwasa, don makaɗi ya ja tsirkiya gefe ya fitar da mataki huɗu ko biyar daga wuri guda. Tsirkiyoyi 11 zuwa 13 da ke kwance a ƙarƙashi ba a kaɗa kari da su, amsawa suke yi da kansu idan an taɓa matakin da ya dace da su. Sarod, jikar rabab ta Afganistan, ba ta da ƙarafan dannawa sam, farantin ƙarfe ne sumul da makaɗi ke zamewa a kai da bakin farce. Sarangi kuwa, mai tsirkiyar hanji uku da wasu sama da 30 masu amsawa, goga ta ake yi kamar goge, kuma da gindin farce ake tura tsirkiyar. Indiyawa sun yarda babu kayan kiɗan da ya kai ta kama da muryar ɗan Adam.

A arewacin ƙasar, kowace raga tana da lokacinta. Sun raba yini da dare kashi takwas, awa uku-uku. Bhairav ta asuba ce, Todi ta hantsi, Sarang ta tsakar rana, Bhimpalasi ta la'asar, Marwa ta faɗuwar rana, Yaman ta farkon dare, Darbari da Malkauns sai dare ya raba. Ragogin Malhar na damina ne. Ni ban ɗauka akwai wani sirri a cikin sa'o'in kansu ba, sabon ɗaruruwan shekaru ne ya ɗaure kari da lokaci, kamar yadda take ke tuna maka mai shi ko ba a ambaci sunansa ba. Amma saurari Marwa da almuru ka ji. Ba ta da Pa, kuma tana jinkirta komawa Sa har sai ranka ya ƙosa, ta bar ka a rataye tsakanin rana da dare. Wanda ya ɗora ta a wannan sa'a ya san abin da yake yi.

Sunan da ya fi kowanne girma a tarihin wannan kiɗa shi ne Tansen, mawaƙin fadar Sarki Akbar, wanda ya mulki daular Mughal daga 1556 zuwa 1605. Ana danganta masa Darbari da Miyan ki Todi da Miyan ki Malhar. Almara ta ce idan ya rera ragar Dipak fitilu na kamawa, idan an rera Malhar sama na zubar da ruwa. Almara ce, amma tana nuna matsayin da suka ba raga. Kabarinsa yana Gwalior, kuma duk Disamba makaɗa na taruwa a wurin.

Yadda ake buɗe raga a zama shi ne wurin da baƙo ke gajiya. Ana farawa da alap, babu ganga, babu bugu. Makaɗi zai tsaya a kan Sa, ya leƙa ƙasa, ya dawo, ya taɓa mataki na gaba kamar mai gwada zurfin rafi da ƙafa, ya sake dawowa. Zai iya cin rabin awa ko fiye kafin ya kai Sa na sama, kuma idan ya kai za ka ji zauren ya sauke numfashi. Ba a rubuce yake ba, a nan take yake ƙirƙirarsa cikin dokar raga. A ranar 1 ga Agusta 1971, a taron kiɗan tallafa wa 'yan gudun hijirar Bangladesh a birnin New York, Ravi Shankar mai sitar da Ali Akbar Khan mai sarod sun ɗan ɗauki lokaci suna daidaita tsirkiyoyinsu, da suka tsaya sai jama'a suka ɓarke da tafi. Shankar ya gode musu, ya ce tun da sun ji daɗin daidaitawar haka, yana fatan za su fi jin daɗin kiɗan. Ana ba da labarin don a nuna rashin sanin Amurkawa, amma ni ina yi musu uzuri. A wannan kiɗa iyakar da ke tsakanin neman Sa da fara raga siririya ce ƙwarai.

Sai ganga ta shigo, da ita kuma tala. Tala zagayen bugu ne da ke komawa farko kullum. Mafi shahara ita ce tintal mai bugu 16, an kasa ta huɗu-huɗu. Jhaptal 10 ce, biyu-uku-biyu-uku. Rupak 7 ce, uku-biyu-biyu. Ektal 12. Bugun farko sunansa sam, kuma matsayinsa a lokaci shi ne matsayin Sa a murya. Mai sitar zai tafi yawonsa, mai tabla ya tafi nasa, su yi ta lissafi suna karkacewa har mai sauraro ya ɗauka sun ɓata, sai kawai su diro tare a kan sam. Sau da yawa da tihai suke dirowa, wato jimla guda da ake maimaitawa sau uku, an auna ta yadda bugunta na ƙarshe zai faɗa kan sam daidai. A nan ne masu sauraro ke ɗaga hannu suna cewa "wah, wah". A tintal ana tafi a bugu na 1 da na 5 da na 13, a na 9 kuma a juya hannu ba tafi, wurin da suke kira khali, wato fanko. A wannan kashi mai tabla yana ɗauke amon ƙasa, kuma da haka mawaƙin da ya yi nisa ke gane inda aka kwana ya shirya komawa.

Tabla ganga biyu ce, ƙarama ta katako a dama, babba ta ƙarfe ko ta yumɓu a hagu. Baƙin da ke tsakiyar fatar, siyahi, garin ƙarfe ne da aka kwaɓa da ƙullun shinkafa ko alkama, ana shafa shi sala-sala ana gogewa da dutse. Shi ke sa fata ta yi ƙara kamar ƙararrawa har a iya daidaita ta da Sa. Makaɗan kotso da taushi sun san wannan dabara, don su ma suna liƙa nake a tsakiyar fata saboda amo. Mai tabla yana danna fatar gangar hagu da gindin tafin hannu yana zamewa, amon ya hau ya sauka, kamar yadda mai kalangu ke matse tsirkiyoyi a hammata. Inda suka rabu abin sha'awa ne. Kalangu yana kwaikwayon maganar mutum ne, har ka ji kirari a cikinsa. A Indiya kuma baki ne ke kwaikwayon ganga. Kowane bugu yana da suna, dha, dhin, tin, ta, kuma ɗalibi sai ya haddace kiɗan da baki yana tafi kafin a bar shi ya taɓa fata. Tintal a baki ita ce: dha dhin dhin dha, dha dhin dhin dha, dha tin tin ta, ta dhin dhin dha. Alla Rakha da ɗansa Zakir Hussain, wanda ya rasu a Disamba 2024, su suka kai wannan harshe kunnen duniya.

Duk abin da na faɗa ya fi karkata ga arewa, kiɗan Hindustani. Kudu tana da nata, Karnatak. Tushensu ɗaya, kuma duka biyu suna girmama littafin Sangita Ratnakara da Sharngadeva ya rubuta a ƙarni na 13. Daga nan ne hanya ta fara rabuwa, don arewa ta shiga hannun sarakunan Musulmi masu al'adun Farisa da Turkawa. Amir Khusrau, wanda ya rayu daga 1253 zuwa 1325, almajirin Shehu Nizamuddin Auliya na ɗariƙar Chishtiyya, shi ake ɗauka uban kawwali, waƙar begen da har yau ake yi a hubbaren shehun a Delhi duk daren Juma'a. Malamai a can ma sun daɗe suna saɓani a kan halaccin irin wannan sauraro, kamar yadda ake yi a wurinmu. Tsohon salon fada shi ne dhrupad, mai nauyi da tsauri, da gangar pakhawaj. Salon da ya gaje shi, khayal, sunansa Larabci ne mai nufin abin da zuciya ta sawwara, kuma ya bunƙasa a fadar Muhammad Shah tsakanin 1719 da 1748. Thumri, waƙar soyayya da kewa, ta yi tashe a Lucknow zamanin Wajid Ali Shah, wanda Ingilishi suka tuɓe a 1856. Shi ya sa a arewa za ka ji ana ce wa gwani Musulmi Ustad, gwani Hindu kuma Pandit, kuma wannan yana koyo a wurin wancan.

Kudu ta zauna kusa da wuraren ibadarsu, kuma ta fi dogara ga waƙoƙin da aka tsara. Manyan mawallafanta uku, Tyagaraja da Muthuswami Dikshitar da Syama Sastri, duk a gari ɗaya aka haife su, Tiruvarur, tsakanin 1762 da 1775. 'Yan kudu sun tsara ragoginsu a ƙarƙashin uwaye 72, ba sa ɗaure raga da sa'a kamar 'yan arewa, kuma lissafin bugunsu ya fi na kowa zurfi. Gangarsu mridangam ce. Suna kaɗa tulun yumɓu da suke kira ghatam, da ƙaramin bandiri mai suna kanjira wanda aka saba rufewa da fatar guza. Sun karɓi gogen Turawa tun farkon ƙarni na 19, amma suka zauna da shi a ƙasa, suka jingina kansa a idon sawu don hannu ya sake ya yi ta zamewa. Ba su karɓe shi ba sai da suka tabbata zai iya gamak.

Ta yaya abin da ba a rubuta ba ya rayu ɗaruruwan shekaru? Ta hanyar gado da almajirci. Gidajen kiɗa, gharana, suna ɗauke da sunayen garuruwa: Gwalior, Agra, Kirana, Jaipur, Patiala. Malami yana ɗaura wa ɗalibi zare a wuyan hannu ranar da ya karɓe shi, daga nan ɗalibi ya tare a gidansa, ya yi masa hidima, ya karɓi ilmi baki da baki. Atisayen kullum sunansa riyaz, daga Larabci. Wasu har suna shiga cilla, keɓewar kwana 40 ba abin da ake yi sai kiɗa, wadda suka aro daga halwar sufaye. Ravi Shankar ya bar rayuwar yawon Turai a 1938 ya tare a ƙaramin garin Maihar wajen Ustad Allauddin Khan, ya yi kusan shekara bakwai. Wannan tsari yana da aibinsa. Akwai malaman da suka ɓoye mafi kyawun abin da suka sani don 'ya'yan cikinsu kawai, wasu kuma suka tafi da shi kabari.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, kuma ya fi sa ni kishi, shi ne yadda Indiya ta ceci wannan kiɗa lokacin da fadoji suka fara mutuwa. Sarakuna ne ke ciyar da makaɗa, kuma a 1947 masarautu sama da 500 aka haɗe cikin sabuwar ƙasa, a 1971 aka soke albashin sarakunan gaba ɗaya. Amma tun kafin nan wasu sun hango. Vishnu Digambar Paluskar ya buɗe makarantar kiɗa a Lahore a 1901 wadda ɗan kowa zai iya shiga. Vishnu Narayan Bhatkhande, lauya ne, ya yi shekaru yana yawo gida-gida yana lallashin ustadai, ya rubuta waƙoƙi sama da dubu, ya kasa ragogin arewa gida goma. A Madras aka kafa cibiyar kiɗa a 1928, kuma har yau duk Disamba birnin yana cika da ɗaruruwan zaman kiɗa. Gidan rediyon ƙasa ya ɗauki makaɗa aiki yana biyan su. Makaɗin da ya rasa sarki sai ya sami jama'a.

A cikin wannan gyara ne suka yi rigimar da ta shafe mu kai tsaye. Harmoniyam, akwatin kiɗa mai mabuɗai kamar fiyano, daga Faransa ya fito a ƙarni na 19, aka mayar da shi na zama a ƙasa ana hura shi da hannu a Kalkata. Yana da arha, yana da sauƙin koyo, sai ya fara korar sarangi daga gefen mawaƙa. Amma matakansa a kafe suke, ba ya zamewa, ba ya lilo. Gidan rediyon Indiya ya haramta shi daga 1940 har zuwa 1971. Haramcin bai yi nasara ba, yau harmoniyam yana ko'ina, kawwali ma ba ta yiwuwa sai da shi. Sai dai a can mawaƙi ya riga ya koyi raga a bakin malami, akwatin bin sa kawai yake yi. Irin wannan ya faru da waƙar fim. Ministan yaɗa labarai B. V. Keskar ya taƙaita ta a rediyo daga 1952 don yana ganin tana ɓata kunnen jama'a, jama'a suka karkata akalar rediyonsu zuwa tashar Ceylon, wato Sri Lanka ta yau, dole a 1957 aka buɗe tashar Vividh Bharati aka dawo da ita.

Keskar bai lura ba cewa waƙar fim ita ce ta kai raga ƙauyukan da ustadai ba su taɓa takawa ba. Matse raga cikin minti uku ya fara ne tun 1902, lokacin da Gauhar Jaan ta yi faifan garmaho a Kalkata. Fim mai magana na farko a Indiya, Alam Ara na 1931, da waƙoƙi bakwai ya fito. Masu tsara kiɗa irin su Naushad sun gina waƙoƙi da yawa a kan Bhairavi da Yaman da Darbari da Pahadi, suka ɗora su a kan talar da ta fi sauƙi, keherwa mai bugu 8 da dadra mai 6, suka ƙara gogen Turawa da yawa a baya. Lata Mangeshkar 'yar mawaƙi ce, kuma ta yi karatu a wurin Ustad Aman Ali Khan. Lanƙwasar muryar da ke sa mu lumshe ido, mind ce da gamak da aka rage musu tsawo. Da muka ji su, sai ga kalmomin da muka sani a ciki, duniya, zamana, muhabbat, ishƙ, don Urdu ta sha daga rijiyar Larabci da Hausa ta sha. Ga kuma ragogi masu mataki biyar irin Bhupali, waɗanda ba su yi nisa da yawancin karin waƙoƙinmu na gargajiya ba. Soyayyar ba ta rasa dalili ba.

Amma da muka zo yin namu, me muka ɗauka? Mun ɗauki kari, mun ɗauki siririyar muryar mace, mun ɗauki waƙar saurayi da budurwa, muka ɗora duka a kan fiyano da gangar na'ura. Fiyano jikan harmoniyam ne ta wannan fuska. Sannan na'urar gyaran murya ta zo tana jan kowace murya tana kafe ta a kan mataki, wato tana goge ainihin abin da ya sa muka so waƙar tun farko. Ba ina raina mawaƙanmu na zamani ba ne, akwai masu baiwa sosai a cikinsu, kuma sun gina kasuwa daga babu. Abin da ke damuna shi ne abin da suke nema yana rataye a bangon gidansu. Kukumar Garba Supa da ta Ahmadu Doka suna zamewa tsakanin matakai yadda sarangi ke yi. Kalangu yana lanƙwasa amo. Algaita kuwa 'yar ɗakin shehnai ta Indiya ce, duka biyu daga zuri'ar bushe-bushen fada na ƙasashen Musulmi suke.

Kuma kada a ce ai goge kayan 'yan bori ne da gidajen mata masu zaman kansu. Sarangi ma irin wannan tabo ta ɗauka, don da ita ake raka mata mawaƙa na gidajen shaƙatawa, har mutanen kirki suka guje ta. Pandit Ram Narayan, wanda ya rasu a Nuwamba 2024, shi ya dage tun shekarun 1950 sai an zauna an saurare ta ita kaɗai, ya sha wahala, amma ya kai ta manyan zaurukan Turai. Shehnai kuma a ƙofar gidan biki da bakin wurin ibada take tsayawa, mabushinta ba ya shiga ciki. Ustad Bismillah Khan na Banaras ya zuba mata raga, ya busa ta a Jan Ganuwa ta Delhi lokacin bikin samun 'yancin kai a Agustan 1947, kuma a 2001 aka ba shi Bharat Ratna, lambar girma mafi daraja a ƙasar. Mabushin algaitarmu yana da numfashin da ba ya yankewa, yana cika kumatu yana shaƙa ta hanci amon na tafiya. Har yau a bayan dokin sarki muke ganinsa ranar hawan salla, a ƙasa, cikin ƙura. Ina so wata rana a shimfiɗa masa darduma a zaure, a ba shi awa guda shi da mai kalangu ɗaya, mu zauna mu ji iya inda zai kai.